Kundin Zaman Asabar na Tudun Wada

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mun soma yau bayan La'asar, a falon Anti Nas da ke Tudun Wada, Zariya. Mu biyar ne: ita mai masauki, wadda ta kawo shawarar, Malamar Lissafi da muke koyarwa a makaranta ɗaya, Hajiya mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari, Amarya, autarmu, da ke karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, sai ni mai koyar da ilmin halittu. Ni aka ɗora wa rubuta yadda abin ke tafiya. Mun yi alkawari ba za a ambaci sunan kowa ba, don haka da waɗannan laƙubban za a riƙa jin mu.

Abin da muka sa gaba shi ne atisayen halartar da hankali. A baki ba shi da wuya. Mutum ya samu wuri ya zauna, ya ɗora hankalinsa kan abu guda da ke faruwa a lokacin, galibi shigar numfashi da fitarsa. Ba za a jima ba hankalin zai sulale. Da zarar mutum ya farga, sai ya lura da inda ya tafi, ya dawo da shi, ba tsaki, ba zargin kai. Ya sake sulalewa, a sake dawo da shi. Aikin ke nan.

Tsarin da muke leƙe a cikinsa wani Ba'amurke ne, Jon Kabat-Zinn, ya shirya shi a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts, saboda majinyatan da ciwo ya ƙi jin magani har likitoci suka rasa yadda za su yi da su. Ya koyi zaman ne a wurin mabiya addinin Buda, sai ya tsame abin da ya shafi bautarsu ya bar horar da hankali zalla. Nasa tsarin mako takwas ne: haɗuwa ta awa biyu da rabi sau ɗaya a mako, da aikin gida na minti 45 kullum, a ƙarƙashin malamin da aka horar. Da Anti ta karanto minti 45 ɗin nan, Hajiya ta kwashe da dariya ta ce, "Wannan bawan Allah dai ba shi ke hura wuta a gidansu ba." Muka tsaya a kan minti goma sha biyar. Horarren malami kuma ba mu da shi. Abin da Anti ta samo a wata bita ta ma'aikatan jinya, da ɗan abin da nake karantawa, shi ne jarinmu.

Kowacce ta faɗi abin da ya kawo ta. Anti barci take nema. Malamar Lissafi ta ce tana kabbara salla hankalinta ke komawa kan takardun da ba ta duba ba. Amarya ta ce waya ta hana ta karatu. Hajiya ta ce ita rakiya ta yo. Ni kuwa so nake in rage tsawa, a aji da a gida.

Sharuɗɗa: wannan ba ibada ba ce, ba za mu karanta wasu kalmomi na wani addini ba, ba kuma zai ci lokacin azkar ɗin kowa ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Samun lokaci ne matsalar farko. Da rana ba a ma maganarta, da dare kuma ina zama sai gyangyaɗi. Abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan bayan Asuba da azkar, kafin a tayar da yara a ɗora ruwan wanka. Sai in ci gaba da zama a kan darduma, in ja bargo saboda sanyin hunturu.

Unguwarmu ba ta san shiru ba. Ga zakara, ga mai ruwa yana tura kura, ga yarinyar ƙosai, ga Keke Napep na farko da ya nufi PZ. Na kai wa Anti ƙorafi ta waya, ta ce kada in yi faɗa da ƙara, in saurare ta yadda nake sauraron numfashi: ta zo, ta wuce. Wannan ya ɗan taimaka. Hayaniyar da ta fi ƙarfi ma a ciki take. Hankalina akuya ce da ta tsinke igiya ranar kasuwa: kafin in ja numfashi uku ta leƙa kuɗin makarantar yara, ta leƙa wata magana da aka yaɓa mini a gidan biki tun bara, ta tsaya a kan kayan miyan gobe.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. A 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun sa mutum 2,250 amsa tambayoyi ta wayar hannu a lokuta daban-daban ba shiri: me kake yi yanzu, tunanin abin kake yi ko na wani abu, yaya kake ji a ranka? Suka samu cewa kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin, jiki na nan hankali na can. Suka kuma samu cewa mutane sun fi rashin walwala a lokacin da hankalin ya tafi yawo. Na karɓi wannan, amma da ɗan taka-tsantsan. Yawancin waɗanda aka tambaya Amurkawa ne masu iPhone, kuma ni dai a cikin wannan yawon ne nake tuna cewa gas ya kusa ƙarewa.

Asabar, 25 ga Janairu

A tsarin asali akwai darasin da ake ba kowa ƙwayar zabibi guda ya ci a hankali. Mu dabino muka yi da shi. Ka dube shi, ka shafa, ka sansana, ka sa a baki ba tare da taunawa nan take ba. Amarya ta yi ta ƙunshe dariya. Malamar Lissafi ce ta ce wani abu da ya tsaya mini: shekara nawa tana buɗa baki da dabino, ba ta taɓa lura cewa ɓawonsa ba shi da zaƙi ba sai an fasa shi.

Daga nan muka yi zagayen jiki. Mutum ya kishingiɗa, ya bi jikinsa da hankali daga yatsun ƙafa har tsakar ka, yana lura da abin da ke kowane wuri, zafi ne, nauyi ne, ko ba komai. Hajiya ba ta kai gwiwa ba ta fara minshari. Ni kuwa da na iso muƙamuƙi sai na tarar haƙorana a dantse suke, kafaɗuna kuma a ɗage, alhali ba wanda ya taɓa ni.

Abin kunya ga mai koyar da ilmin halittu ta ce wannan sabo ne gare ta, domin kowace shekara ina zana shi a allo. In rai ya ɓaci, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirinalin cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya koma sama-sama. Duk wannan yana riga harshe. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta sauka zuwa zuciya da ciki, aikinta sassauta bugun. Shi ya sa zuciya ke ɗan hanzari in an ja numfashi, ta ɗan lafa in an sauke shi, kuma shi ya sa doguwar ajiyar zuciya ke kwantar da mutum. Sanin abu a allo daban, jin sa a muƙamuƙinka daban.

Malamar Lissafi ta tuna mana hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kishingiɗa. Duk mun haddace shi tun a Islamiyya. Amma kafin mutum ya zauna sai ya san cewa fushi ya zo, mu kuma galibi sai bayan mun gama zazzaga masifa muke sani. In atisayen nan zai yi mini wani amfani, a nan ne: in ji sallamar fushin tun yana ƙofar gida.

Talata, 4 ga Fabrairu

Darasin ƙarshe, aji cike, ƙura ta ko'ina. Ina bayani wasu yara a baya suka fashe da dariya. Na ji haƙorana sun haɗu, na ji zafi ya hau wuyana. Na juya ga allo kamar zan yi rubutu, na sauke numfashi a hankali, sannan na juyo na kira babbansu na ce ya maimaita abin da na faɗa. Ya kasa. Na ce ya dawo bencin gaba. Aji ya yi tsit ba tare da na ɗaga murya ba.

Ban ce fushin bai zo ba. Ya zo da ƙarfinsa, har na isa gida ina jin ragowarsa. Ɗan jinkiri ne kawai ya shiga tsakaninsa da bakina.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau ba mu yi zama ba, wurin Malam muka je. Maigidan Malamar Lissafi ya ji cewa abin ya samo asali daga 'yan Buda, ya ce ba za ta sake zuwa ba sai an ji ta bakin masu ilmi. Ban ga laifinsa ba. Mu uku muka shiga cikin gari ta Ƙofar Doka, zuwa gidan malamin da ya karantar da yawancinmu.

Bayan gaisuwa Anti ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wata 'yar tambaya ce ta kawo mu," ta kwashe bayani ta yi masa. Ya saurara har ta gama, sannan ya yi tambayoyi. Akwai wani suna da muke ambata? Akwai hoto ko wani abu da muke fuskanta? Muna ɗaukar cewa lada muke samu? Muka ce babu ko ɗaya. Ya ce in haka ne, a wurinsa wannan ya fi kama da motsa jiki ko shawarar likita, al'ada ce ba ibada ba. Ya ƙara da cewa akwai malaman da za su ce a nisance shi gaba ɗaya saboda tushensa, shi kuma ba zai ce sun yi kuskure ba. Na rubuta wannan yadda ya faɗa ne, ba fatawa nake ba kowa ba.

Har mun fara shirin sallama, sai ya ce akwai abu ɗaya da bai kwanta masa ba, wato maganar "ba zargin kai". Ya ce, "'Ya'yana, gani kuke koyo, madalla. To bayan kun gani fa? Ɓarawon da ke haura katanga cikin dare, wa ya fi shi halartar da hankali? Yana jin motsin kowane ganye. Wannan ya mai da shi mutumin kirki?"

Ya sa aka ɗauko masa Ihya'u na Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, 1111 Miladiyya. A kusa da ƙarshen littafin akwai babi sukutum a kan muraƙaba da muhasaba, wato sa wa rai ido da yi masa lissafi. Ya ce Gazali ya ɗauki mutum da ransa kamar ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, ya jera matakai shida. Da safe ka gindaya wa ranka sharaɗi. Da rana ka sa masa ido. Da dare ka yi masa lissafi. In ya ci amana ka hukunta shi, ka yi ta fama da shi, ka kuma yi masa faɗa. Sa ido, in ji Malam, mataki ne guda a cikin shida, kuma a wurin Gazali asalinsa shi ne sanin cewa Allah na ganin ka, kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu a kan ihsani. Ya rufe da maganar Sayyidina Umar, cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku.

A Keke muna dawowa muka yi ta muhawara. Anti ta ce Malam bai fahimci abu ɗaya ba: ba cewa aka yi mutum ya daina bambance kyau da muni ba, cewa aka yi a lokacin zaman ya jinkirta hukunci. Ina ganin tana da gaskiya a nan. Wadda take zabga wa kanta mari duk sanda ta hango hassada a zuciyarta, ba da jimawa ba za ta daina leƙawa, hassadar kuma tana nan. Sai an iya kallon abu ido cikin ido kafin a san girmansa. Amma tambayar Malam ta fi nauyi, kuma ban ga amsarta a cikin numfashi ba. Atisayen yana nuna maka abin da ke cikinka, ba ya gaya maka wanne za ka riƙe wanne za ka yar. Wannan ma'aunin daga wani wuri mutum ke zuwa da shi, daga addininsa da tarbiyyarsa.

Mun ƙara abu ɗaya a tsarinmu. Kafin barci kowacce za ta rubuta layi biyu: abin da na lura da shi a kaina yau, da abin da zan yi a kai gobe. Maigidan Malama ya amince ta dawo.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau mun tsorata. Muna zagayen jiki, Anti ta ce a kai hankali ƙirji, sai muka ji numfashin Hajiya ya canza. Ta tashi zaune tana haki, jikinta na rawa, hawaye na zuba. Anti ba ta ruɗe ba. Ta ce ta buɗe ido, ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta riƙa faɗin sunan abubuwan da take gani a ɗakin ɗaya bayan ɗaya, labule, agogo, buta. Aka ba ta ruwa. Da ta dawo daidai ta ce fuskar ɗanta ta gani, wanda ya rasu a hatsarin mota. Tun bayan sadakar arba'in ta koma shago, daga shago sai kicin, ba ta taɓa barin kanta ta zauna shiru ba. Ashe rakiyar da ta ce ta yo ba rakiya ba ce.

Anti ta ce daga yau Hajiya ta bar zaman rufe ido. In tana so, ta yi na tafiya, ido buɗe, tana lura da takunta a tsakar gida. Ta kuma ce ya kamata ta ga likita, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika. Hajiya ta ɓata rai ta ce, "Yanzu ni ce mahaukaciya?" Anti ta riƙe hannunta ta ce, "Haba Hajiya. Da ƙafarki ce ta kumbura shekara biyu, da mun bar ki a gida?" Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Da na dawo na koma kan abin da masu bincike suka ce, domin bidiyoyin da ke yawo a waya ba sa faɗin wannan ɓangaren. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta daɗe tana tattara bayanan waɗanda zaman ya jawo wa tashin hankali: firgici, rashin barci, dawowar tsohon abin da ya taɓa girgiza mutum. Ba kowa abin ke karɓa ba. Ko ta fuskar amfanin ma, maganar ba ta kai yadda ake kururutawa ba. A 2014 Madhav Goyal da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun samu hujja matsakaiciya cewa yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su samu hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Abu ne mai ɗan amfani, ga wasu mutane, a kan wasu matsaloli.

Lahadi, 9 ga Maris, 9 ga Ramadan

Mun ɗage haɗuwar Asabar sai bayan Salla, domin bayan La'asar kowacce na gaban murhu. Muna taɓa juna ta WhatsApp.

Na mayar da nawa atisayen kicin. Ina yanka albasa, albasar kawai nake yankawa. In hankali ya tafi, in dawo da shi kan wuƙa. Azumi kuma ya sauƙaƙa lura: wajen ƙarfe uku yunwa da gajiya ke fara sa kowace magana ta yi mini kama da tsokana. Da na gane sa'ar, sai na daina yanke wa yara hukunci a cikinta, in ce a bari sai an sha ruwa. Yawancin ƙararrakin ba sa kaiwa bayan Magariba.

Malamar Lissafi ta rubuto cewa a Tarawihi hankalinta na tafiya kamar da, sai dai yanzu tana kama shi kafin liman ya yi ruku'u, ba sai an yi sallama ba. Ta ce ba ta kira wannan khushu'i, amma ta fi kusa da ƙofarsa.

Amarya ce ke shan wuya. Ta ce da ta ajiye waya ta zauna, sai ta ji kamar ana tsikarin ta. Na tura mata labarin gwajin da Timothy Wilson na Jami'ar Virginia ya wallafa a 2014. An bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ɗan ja ka. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun gwammace su ja wa kansu lantarki da su zauna da tunaninsu. Ta amsa da cewa, "Anti, wallahi da ni ce sai na ƙarar musu da batir."

Alhamis, 27 ga Maris

Goman ƙarshe. Tsakanin tahajjud, sahur, zirga-zirgar wurin tela da cinkoson kasuwar Tudun Wada, zaman safe ya tafi hutu. Layi biyun dare ne kaɗai ban bari ba. Hajiya ta kira ni, ta ce ta je Shika, ƙanwarta ta raka ta, an ba ta ranar komawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun dawo, cikin zafin bazara, ba wuta, kowacce da maficinta. Mako takwas ɗin da muka ɗiba sun wuce tuni, don haka muka zauna lissafi.

Amarya ta fara, da ɗan jin haushi. Ta ce ita a bidiyo ta ji cewa wanda ya riƙe abin nan zai zama sabon mutum, ya samu kwanciyar rai, ƙofofin nasara su buɗe masa, ga shi ita har yanzu ita ce. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, wa kike so ki zama?" Aka yi dariya, amma da aka matsa mata sai ta ce yanzu tana gane lokacin da hannunta ke tafiya wurin waya, kuma kusan kullum a daidai inda karatu ya yi tsauri ne. Sai ta fara barin wayar a ɗakin kwana in za ta laburare. Na ce mata ai ci gaban ke nan, ba shi da ganga ba shi da algaita.

Na Anti ya fi ba ni sha'awa. Barcin da ta zo nema bai samu ba. Abin da ta samu shi ne ta gane ba tunani ke hana ta barci ba, jerin aikin dare ne da ake jibga mata saboda ba ta iya cewa a'a. Layi biyun dare ne suka tona wannan, domin ta ga abu ɗaya take ta rubutawa. Ta je ta samu shugabarsu, cikin ladabi, aka gyara jadawalin. Na daɗe ina tsoron kada atisayen nan ya zama wata hanyar koya wa mata haƙurin dole, a ce ki ja numfashi ki shanye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Keke da na cefane suka tashi, kuma babu yawan numfashin da zai sauko da kwanon masara. Wanda aka danne, in ya natsu ya ga an danne shi, abin da ya dace ya yi shi ne magana.

Ni kuma abin da littafina ya nuna mini bai shafi tsawa ba ma. Na lura cewa ƙuncin da ke sauko mini da yamma, wanda nake ɗora wa gajiya, yana zuwa ne bayan na gama kallon hotunan da mutane ke ɗorawa: wance ta tare a sabon gida, wance ta tafi Umara, wance ta canza mota. Sai wata murya ta ce, ke shekara nawa kina cin alli, me kika tara? A tsarin da Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka gina a kan na Kabat-Zinn, don hana ciwon damuwa dawowa, wanda hukumar tantance magunguna ta Ingila ta amince da shi tun 2004, akwai darasi guda da aka ware don koya wa mutum cewa tunanin da ya zo masa ba lalle ne gaskiya ba. Tunani ne, ya zo, zai wuce. Na gwada haka da muryar nan. Maimakon in ce ban tara komai ba, sai in ce ga tunanin nan na ban tara komai ba ya sake zuwa. Ƙarfinta na raguwa.

Sai dai raguwar ƙarfinta ba shi ne gamsuwa ba. Malamar Lissafi ta kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa wadata ba yawan dukiya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Wannan ba daga Massachusetts muka samo shi ba, da shi aka raine mu. Abin da zaman ya ƙara mini shi ne ina kama kaina a daidai lokacin da nake saɓa masa. Na rage kallon hotunan. Na kuma lura, tunda yanzu ina lura, cewa sa'ar da na fi jin raina fari a mako ita ce in yaron da ya daɗe bai gane ba ya ce, "Malama, na gane." Da can wannan na wucewa ina tunanin darasi na gaba.

Asabar, 3 ga Mayu

Na zo da shawarar in fara koya wa 'yan ajina, minti biyar kafin darasi. Kafin in kai maganar ofishin shugaban makaranta na bincika ko an taɓa gwadawa, na tarar an gwada, kuma da girma. A Birtaniya, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Oxford sun bi ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu sama da 80, aka koya wa wasu atisayen a aji, wasu aka bar su da darussan da suka saba. Sakamakon ya fito a 2022: lafiyar tunanin waɗanda aka koya wa ba ta fi ta sauran ba. Yawancin yaran ba su yi aikin gidan ba, da yawa sun ce abin gundura ne. Waɗanda suka ɗan amfana su ne malaman da aka horar, gajiyar aiki ta ragu musu, ita ma ba ta ɗore ba.

Bayan abin da ya faru da Hajiya, ga kuma wannan, na janye. A cikin aji mai yara da yawa ban san wanda ke ɗauke da wane irin ciwo a zuci ba, ba ni kuma da Anti a gefena. Malamar Lissafi ta ce mu fara da ɗakin malamai, ga duk wadda ta ga dama, ba tilas. Biyu sun riga sun nuna sha'awa. Anti ta ce kafin kowace sabuwa ta shigo sai ta zauna da ita tukuna ta ji ko akwai rashi na kusa ko wata tsohuwar damuwa.

Hajiya na ci gaba da ganin likita. Tana zuwa zamanmu, amma in mun rufe ido ita sai ta fita tsakar gida ta yi nata na tafiya. Amarya za ta ɗan ɗauke ƙafa har ta gama jarrabawa. Saboda hadarin da kan taso da yamma in damina ta kama, mun mayar da haɗuwar ƙarfe goma na safe, kuma mako mai zuwa a gidana za a yi, a Tudun Jukun. An ce in tanadi tabarma ta biyu.